Kafin a Feɗe Waƙa: Waƙoƙin Farisa na Zamani a Ma'aunin Falsafar Bayyana

Gabatarwa

Ƙasar Farisa, wadda a yau ake kira Iran, ba baƙuwa ba ce a adabin Hausa, ko da yake ba kasafai ake ambaton sunanta ba. Labarin Shaharzad da ya ɗaure hikayoyin Dare Dubu da Ɗaya daga can ya taso kafin ya shiga Larabci. Kalila wa Dimna, daga tsohon Farisanci Ibn Muƙaffa ya mayar da shi Larabci a ƙarni na 8. Akun nan na Magana Jari Ce, mai tsare ɗan sarki da labari bayan labari, yana da takwara a Tutinama, littafin Farisanci na ƙarni na 14. Bugu da ƙari, marubuta waƙoƙin Farisa da na Hausa rijiya ɗaya suka sha, domin dukansu sun ɗora baitocinsu a kan ma'aunin aruli da Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara.

Sai dai duk wannan tsohuwar hulɗa ce. Wanda ya zaga wurin masu sayar da littattafai a kewayen Babbar Kasuwar Yamai zai tarar da Ishiriniya da Ahalari, da littattafan soyayya na Kano, da tsofaffin littattafan lakkwal da aka shimfiɗa a ƙasa, amma da wuya ya ci karo da sunan Nima Yushij, ko Sohrab Sepehri, ko Forugh Farrokhzad, waɗanda suka sauya fuskar waƙar Farisa a ƙarni na 20. Dalilin waiwayarsu a nan shi ne, waƙoƙinsu suna tona wani rauni da ke cikin yadda ake koyar da waƙa a makarantu. A ajin Hausa ana bin jigo da warwararsa, da zubi da tsari, da salo, kamar yadda Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa a Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa. A ajin Faransanci kuma ana bin tsarin sharhi mai kashi biyu ko uku da ɗalibi zai kai jarrabawar bakaloriya. Hanyoyin biyu suna da amfani, kuma sun horar da malamai masu yawa. Amma fiɗa sai bayan yanka, kuma ɗalibi da yawa yakan iya lissafa gaɓoɓin waƙa bai taɓa ganin ta tana tafiya da ƙafafunta ba. Wannan maƙala za ta gwada wata hanyar karatu da ke zuwa kafin fiɗa, wadda aka aro daga falsafar da Turawa ke kira fenomenoloji, a nan kuma za a kira ta falsafar bayyana.

Mece ce falsafar bayyana?

Edmund Husserl, wanda ya rayu daga 1859 zuwa 1938, masanin lissafi ne da ya koma falsafa, ya koyar a Jamus. Kiransa shi ne a koma ga abubuwa su kansu, a bayyana yadda suke zuwa ga mai gani, kafin a lulluɓe su da abin da aka riga aka sani game da su. Laccocin da ya gabatar a Sorbonne a 1929 su suka buɗe wa tunaninsa ƙofar Faransa, inda Maurice Merleau-Ponty ya wallafa Phénoménologie de la perception a 1945, Gaston Bachelard kuma ya fitar da La Poétique de l'espace a 1957. Littattafan suna da nauyi, amma ana iya fahimtar ginshiƙansu a tsakiyar kasuwa.

A ɗauki ƙwayar goro ɗaya a kan faifai. Dillali da ya dube ta, farashi yake gani: fara ce ko ja, sabuwa ce ko daushe. Wanda zai kai goron ɗaurin aure lissafin ƙwarya yake yi. Malamin kimiyya zai ce akwai sinadarin da ke hana barci a cikinta. Duk gaskiya suka faɗa, sai dai kowannensu ya tsallake goron ya faɗa kan abin da goron ke yi masa. Husserl ya ce a jingine waɗannan hukunce-hukunce na ɗan lokaci. Idan aka jingine su, abin da ya rage shi ne sanyin fatarta a tafin hannu, da ƙarar da take yi idan aka ɓare ta, da yadda farin cikinta ke rikiɗa ya yi ja bayan iska ta taɓa shi, da ɗacin da ke kama harshe, da zaƙin da ke biyowa in aka kurɓi ruwa. Wannan jinginewa ita ce ginshiƙi na farko. Kalmar jingina ta dace da ita, domin kayan jingina ba a yar da su ba, ana komawa a fanshe su.

Ginshiƙi na biyu shi ne, hankali kullum yana fuskantar wani abu, kuma abu ba ya bayyana gaba ɗaya a lokaci guda. Mace mai sayen atamfa ta san haka: takan sa a warware mata turmi, ta duba ciki da baya, ta murza gefensa da yatsa, ta fito da shi daga inuwar rumfa ta gan shi a hasken rana. Kowane juyi yana ba ta fuska ɗaya, yana kuma yi mata alkawarin wata. Martin Heidegger, ɗalibin Husserl, ya ƙara da cewa kayan aiki ɓuya suke yi a cikin aiki. Mai awon gero ba ya ganin tiyarsa yana cikin awo, sai ranar da ta lotse ko ta huje.

Na uku, wanda Merleau-Ponty ya fi nanatawa, shi ne da jiki ake sanin duniya. Gobara ta cinye tsohuwar Babbar Kasuwa a 1982, aka buɗe sabuwa a 1987. Maginan da suka zana ta sun san tsawonta da faɗinta a takarda. Ɗan dako kuwa ya san ta da kafaɗa da tafin ƙafa: ya san lungun da baro ba ya shiga, da inda ƙanshin turare ke ƙarewa na yaji ya fara, da layin da ake ciniki da Zabarmanci da wanda Hausa ta fi yawa. Sanin ɗan dako shi ne na asali, domin don irinsa aka yi zanen. Karanta waƙa a wannan ma'auni shi ne tambayar ta irin sanin ɗan dako: a ina mai magana yake tsaye, me ke kusa da shi, me yake ji, me yake jira.

Nima Yushij: layi daidai da numfashi

Sama da shekara dubu waƙar Farisa ta yi tana tafiya da layuka masu tsawo ɗaya da amsa-amo tsayayye, daga Shahnama na Firdausi da aka kammala a 1010, zuwa Sa'adi da Hafiz. A tsawon wannan zamani ta tara hotunan da kowa ya haddace. Fure masoyiya ne, tsuntsun da ke masa kuka masoyi ne, doguwar itaciya kuma tsayin wadda ake so ce. Mai sauraron waƙar fada a ƙasar Hausa ya san irin wannan. Idan makaɗi ya ambaci giwa ko zaki, babu wanda ke ganin dabba, kowa sarki yake gani. Hoton ya zama kamar kuɗin da ya daɗe yana yawo a hannu har zanensa ya goge, ana karɓarsa ba a dubawa.

Nima Yushij ɗan ƙauyen Yush ne a duwatsun Mazandaran, arewacin Iran. Ya yi karatu a makarantar Saint-Louis ta Faransawa a Teheran, inda ya san waƙar Faransa. Da doguwar waƙarsa Afsana ta 1922, sannan da waɗanda ya rubuta daga ƙarshen shekarun 1930 har rasuwarsa a 1960, ya yi abin da malaman aruli na zamaninsa suka ɗauka ɓarna ce. Ya riƙe ƙafafun bahari, amma ya bar layi ya yi tsawo ko ya gajarta gwargwadon abin da ake faɗa, amsa-amo kuma ya zo inda ma'ana ta neme shi. Ya kuma shigo da sunayen itatuwa da tsuntsaye na yankinsu, da karin harshen ƙauye, waɗanda ba su da gurbi a tsohon jadawalin hotuna.

Waƙarsa Darvag misali ce mai kyau. Darvag wani ɗan kwaɗo ne mai hawa itace, wanda manoman Mazandaran ke ɗaukar kukansa alamar ruwa. Mai magana a waƙar manomi ne da gonarsa ta bushe, yana zaune a ɗaki mai duhu da ke neman rushewa, yana tambayar kwaɗon lokacin saukar ruwa. Mai nazarin jigo zai yi sauri ya ce ruwa shi ne ƴanci, fari kuma zalunci ne, kuma yana da hujja, domin haka masu karatu da yawa a Iran suka fahimce ta. Amma wanda ya taɓa zama a Tawa ko Damagaram a watan Mayu, ana duban gabas ana cigiyar shamuwa, zai lura da abin da ke zuwa kafin wannan fassara, wato jira shi kansa. Husserl ya nuna cewa lokacin da mutum ke rayuwa a cikinsa ya sha bamban da na agogo, domin kowane yanzu yana riƙe da abin da ya wuce, yana kuma miƙa hannu ga abin da bai iso ba. A waƙar Nima ruwan da bai sauka ba ya fi komai cika wurin, kamar yadda hadarin da ya watse ke cika bakin manoma kwana da kwanaki. Layukan da ke tsawaita sannan su yanke suna bin numfashin mai jira. Da an zuba su a ƙwar biyu masu tsawo ɗaya, da kunne ya san inda kowane layi zai sauka, kuma wanda ya san ƙarshe ba ya jira. Ta nan ne ma'anar siyasa ke samun ƙarfinta: sai mai karatu ya ji ƙishin a maƙogwaronsa kafin kalmar ƴanci ta yi masa nauyi.

Sohrab Sepehri: ungulu da ma'auni

Babu mawaƙin Farisa da masu wannan hanya suka fi komawa gare shi kamar Sohrab Sepehri, ɗan birnin Kashan a bakin hamada, wanda aka haifa a 1928 ya rasu a 1980. Mai zane ne kafin a san shi da waƙa, ya kuma je Japan da Indiya. An tara waƙoƙinsa a kundin Hasht Ketab, wato littattafai takwas, a 1977. Mai jin Faransanci zai same shi a fassarar Daryush Shayegan mai suna Les Pas de l'eau, wadda ta fito a 1991.

Doguwar waƙar da ta ba wa wannan fassara sunanta ta fito a 1965. Ta fara da mawaƙin yana gabatar da kansa da garinsu da sana'arsa, ta bi ta kan rasuwar mahaifinsa, sannan ta shiga jerin abubuwan da ya gani a duniya, manya da ƙanana a jere ɗaya, ba tare da fifita wani ba. Ɗalibin da aka ce ya fitar da jigo zai ruɗe a nan, domin jerin ba ya hawa zuwa wani darasi. Aikin jerin shi ne ya sa ido ya tsaya a kan kowane abu daidai gwargwado, ya hana shi gudu zuwa ga wanda al'ada ta ce shi ne muhimmi.

Wurare biyu sun cancanci a dakata a kansu. Na farko yana cikin zancen mutuwar mahaifin. A daidai lokacin da duniya ta juye wa mawaƙin, wani mai kanti yana tambayarsa nauyin kayan lambun da zai saya, shi kuma ya mayar masa da tambaya a kan farashin kwanciyar rai. Mai kantin bai yi laifi ba, aikinsa yake yi. Abin da waƙar ta kama shi ne yadda makoki ke sauya bayyanar duniya: ma'aunin da jiya yake ɓoye a cikin ciniki, yau ya fito fili ya zama baƙon abu, kamar tiyar da ta huje. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwa sayen likkafani ya san wannan hali, inda hayaniyar da ya saba da ita take zuwa masa kamar daga bayan bango.

Na biyu shi ne inda mawaƙin ya tuhumi jadawalin daraja da mutane suka yi wa halittu, ya kawo ungulu ya ajiye ta kusa da tsuntsayen da ake kiwo don ƙawa. Wannan ya shafi Bahaushe kai tsaye. A karin magana da tatsuniya an gama yanke wa ungulu hukunci: ƙazama ce, mai kwaɗayi, mai jiran mushe. Saboda hukuncin ya riga ido isa, mutane kaɗan ne suka taɓa tsayawa suka dubi yadda take shawagi a sama ba tare da kaɗa fiffike ba, ko yadda take shanya fukafukanta da hantsi. Ga shi kuma ungulun da a da ke cika mahautan kasuwanni ta yi ƙaranci a Afirka ta Yamma, har a 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. An yi ƙarnoni ana ambatonta a magana, tana neman ɓacewa ba a gama ganin ta ba. Abin da Sepehri ke nema ga mai karatu shi ne abin da Husserl ya nema ga ɗalibansa, sai dai shi ya yi shi da hoto, ba da hujja ba.

Forugh Farrokhzad: gidan da ba ya ba da mafaka

Bachelard ya ɗauki gida a matsayin mafakar farko, inda mutum ke koyon mafarki cikin aminci, ya yi dogon sharhi a kan ɗakin ƙasa da na sama, da akwati, da sheƙa. Waƙoƙin Forugh Farrokhzad suna amfana da wannan ma'auni, suna kuma gyara shi. Ta rasu a haɗarin mota a Teheran a 1967 tana da shekara 32, bayan ta wallafa Tavallodi Digar, wato wata haihuwar, a 1964. Aurenta ya mutu tana ƙarama, aka kuma raba ta da ɗanta. A waƙoƙinta taga da bango da madubi suna yawan dawowa, kuma gida a wurinta wuri ne da ake leƙen duniya daga cikinsa.

A kundinta na ƙarshe, wanda ya fito bayan rasuwarta, akwai waƙar da take jimamin ɗan lambun tsakar gidansu. Lambun yana mutuwa a hankali, kwamin ruwansa ya ƙafe. Mahaifi ya yi ritaya yana karanta tsofaffin littattafai, ya ce shi ya gama nasa. Mahaifiya tana ganin abin a matsayin sakamakon zunubi. Ɗan'uwa ya yanke ƙauna yana yi wa lambun ba'a, ƴar'uwa kuma ta yi aure a wata unguwa cikin kayan ƙawa na roba. A maƙwabta ana ɓoye makamai a inda ake shuka furanni. Kowane ɗan gidan yana da bayani a kan lambun, kamar yadda dillali da malamin kimiyya suke da bayani a kan goro, kuma bayanin ne ya hana kowannensu ɗaukar guga. Mai magana kaɗai ce ke duban lambun a matsayin abu mai rai da ke jin ƙishi.

Wannan waƙa tana nuna cewa gidan Bachelard gidan wani mutum ne a wata ƙasa. Malamin da zai kawo ta aji a Maraɗi zai iya tambayar ɗalibai yadda gidan Bahaushe ke bayyana ga mazaunansa. Zaure ga maigida wurin hira ne da karɓar baƙi. Ga matar da ke ciki kuwa iyaka ne, daga nan muryoyin waje ke shigowa ba fuskokinsu. Gini ɗaya ne, amma jiki biyu ba su zauna a wuri ɗaya ba. Irin wannan duba Forugh ta kai cikin fim ɗinta na 1962, wanda ta ɗauka a wata unguwar kutare kusa da Tabriz, inda ta bar kyamara ta tsaya a kan fuskoki da hannuwa suna alwala, suna wasa, suna kwalliya, har mai kallo ya daina ganin cutar kaɗai ya fara ganin mutanen.

Inda hanyar ke tuntuɓe

Ba a rasa masu suka ba, kuma sukarsu tana da nauyi. Ahmad Shamlu, wanda ya rayu daga 1925 zuwa 2000 ya kuma ɗanɗani kurkuku saboda siyasa, ya zargi Sepehri da damuwa da tsabtar ruwan rafi a zamanin da ake zubar da jinin mutane. Zamanin kuwa shi ne na bayan juyin mulkin 1953 da ya kifar da Muhammad Musaddak, lokacin da ƴan sandan ciki na Shah ke bin marubuta. Tambayar ta wuce Iran. Mai sayar da goro da ya wuni yana sha'awar launin hajarsa zai kwana da yunwa, kuma ɗalibin da iyayensa ke fama da tsadar gero yana da haƙƙin ya tambayi amfanin tsayawa kallon ungulu. Amsar tana cikin kalmar jingina. Merleau-Ponty da kansa ya yarda cewa ba a iya jingine duniya gaba ɗaya. Ana janyewa taki ɗaya ne domin a dawo da ido mai kaifi. Waƙar lambun Forugh hujja ce, domin ta fara da duban ganye ta ƙare da jin ƙanshin tashin hankalin da ke tafe. Amma gaskiya ne cewa a wasu waƙoƙin Sepehri ba a komawa fansar kayan, kuma mai nazari na gari ya kamata ya faɗi haka.

Tuntuɓe na biyu ya fito daga Henry Corbin, wanda ya fara fassara Heidegger zuwa Faransanci a littafi a 1938, sannan ya je Teheran a 1945 ya duƙufa a kan malaman falsafa da sufaye na Iran. Corbin ya kwatanta falsafar bayyana da abin da sufaye ke kira kashful mahjub, wato yaye lulluɓi. Wannan zai yi wa almajirin ƙasar Hausa daɗin ji, domin ya san zahiri da baɗini. Haɗarin shi ne a mayar da kowane ruwa alamar ruhi, kowane tsuntsu alamar rai, a sake tsallake abin da ke gaban ido, a koma cikin jadawalin da Nima ya fasa. Kwaɗon Nima kwaɗo ne tukuna.

Na uku shi ne fassara. Mai karatu a Nijar ta Faransanci zai isa ga waɗannan waƙoƙi, amon Farisanci kuma ba ya haye wannan gada. Akwai ma matsalar nahawu. Farisanci ba ya bambanta namiji da mace a wakilin suna, Hausa kuwa tana bambantawa har a wanda ake yi wa magana, ka ko ki. Mai fassara zuwa Hausa dole ya yanke abin da mawaƙin ya bari a buɗe. A wani gefen kuma Hausa tana da dukiyar da Faransanci ba shi da ita, wato amsa-kama: fari fat, ja wur, kore shar, shiru tsit. Waɗannan kalmomi ba sa ƙara bayani a kan abu, yadda ya bugi ido ko kunne suke kamawa. Harshen da ke da su ya daɗe yana yin aikin da Husserl ya nema.

Abin da ajin Hausa zai samu

An fara gwajin koyarwa da Hausa a makarantun Nijar a Damagaram a 1973, kuma a watan Maris na 2025 kundin da hukumomi suka ƙaddamar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Matsayi irin wannan yana ɗora wa malamai nauyin nuna cewa harshen zai iya ɗaukar kowane irin tunani, har da nazarin adabin wasu al'ummu, ba tare da ya tsaya ga haddar ƙa'idoji ba.

Ribar farko tana ga waƙoƙin gida. Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, makaho ne tun yana ƙarami. An yi ta fitar da jigoginsa na wa'azi da yabon Annabi, amma akwai wata tambaya da wannan hanya ke buɗewa: yaya duniya ke bayyana a baitocin mutumin da ya san ta da kunne da sanda da tafin hannu, kuma daga ina hotunansa na gani suka zo? Haka nan waƙar Narambaɗa ta Dokin Iska Ɗanfilinge, wadda sunanta ke ɗauke da garin Filinge. Kafin a ce yabon mai doki ce, ana iya sauraron yadda kiɗa da kalma ke sa gudun dokin ya ratsa jikin mai sauraro.

A aikace abin ba ya bukatar kayan aiki. Malami zai iya ware minti goma na farkon darasi, a rera ko a karanta waƙar sau biyu da murya, sannan ya hana ambaton jigo. Sai ya yi tambayoyin ɗan dako: wane lokaci ne na yini, ina mai magana yake, me ke hannunsa, wace ƙara ake ji, me ya kamata a gani amma babu shi. Bayan haka a hau gadon fiɗa. Wani aikin kuma shi ne a tura ɗalibai kasuwa, kowa ya zaɓi abu ɗaya, ko dunƙulen kanwa ko tabarma, ya siffanta shi a layi goma, ba farashi, ba karin magana, ba kirari. Yawancinsu za su tarar da wuyar abin, kuma wuyar ita ce darasin. Ƙungiyoyin al'adu kuwa za su iya haɗa malaman Faransanci da na Hausa su gwada mayar da waƙa biyu ko uku na Sepehri zuwa Hausa, su yi gardama a kan ka da ki, da inda amsa-kama zai shiga.

Kammalawa

An ga yadda Nima ya sa layin waƙa ya bi numfashin mai jiran ruwa, da yadda Sepehri ya jingine jadawalin daraja domin ido ya sake aiki, da yadda Forugh ta nuna cewa gida ɗaya ba ya bayyana iri ɗaya ga mazaunansa. An kuma ga iyakar hanyar, domin wanda ya jingine hukunci bai koma ya fanshe shi ba ya bar aikin rabi. Falsafar bayyana ba za ta maye gurbin nazarin jigo da salo ba, wurinta shi ne gabaninsu. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ɗalibin da aka fara koya masa ganin waƙa, idan ya zo feɗe ta zai san inda zai sa wuƙa, zai kuma san abin da ya yanka.